Cikin Tasalla a Hanyar Konni

Babur ɗin ya sake faɗawa rami, Tasalla ta dafe mararta, daidai inda aka yanka ta bara.

Shekara tara tana gidan mijinta Halliru ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba, sai ciwon mara mai kayar da ita duk lokacin al'ada. Likita a Sakkwato ya ce naman mahaifa ne ya tsiro a waje. Ya kankare, ya ɗinke. Ya kuma ja mata kunne: duk ranar da wata ya wuce ta, ta je a yi hoto, don bayan irin wannan aiki ciki kan kwanta a hanya bai kai mahaifa ba, in ya fashe kuwa sai dai wata ba ita ba.

Yau sati biyu da wucewar.

Da ta gaya wa uwarta a kaikaice, tsohuwar ta toshe mata baki. "Ke! Ba a hwaɗin ciki sai ya hwaɗi kainai. Ko mijinki kar shi ji."

To, a asibitin garinsu Illela ƙanwar Halliru ce ke ba da kati, kuma mace ce da magana ba ta kwana a bakinta. Shi ya sa Tasalla ta ce za ta ƙetara iyaka zuwa Konni sayen atamfa, alhali hoton za ta je yi, ta hau bayan wani ɗan kabu-kabu mai furfura. Shi kuma, don gudun shingen jami'ai, ya yanki daji.

"Baba, a hankali."

"Hajiya, in ba ki iya hawa, ki nemi jaki. Wasu na jira na."

Wani ramin. Wani abu ya soke ta a gefe. Ta cije leɓe, ta ƙirga ramukan da ke gaba: ba iyaka.

"Don Allah, Baba."

"Ƙwai kika ɗauko?"

"Ciki gare ni!"

Ya taka birki. Shekara tara tana shirya yadda za ta furta wa Halliru wannan magana, ga shi ta jefa wa ƙeyar baƙo.

"Mi ya hana ki hwaɗi tun can? Allah shi raba lahiya!"

Ya ci gaba da tafiya kamar mai rakiyar tsohuwa. Daidai mahaɗar da 'yan Illela ke sauke buhuna, babura suka cunkushe masa hanya. Ya miƙe tsaye a kan babur, ya buɗe murya.

"Ku kauce, 'yan banza! Mai ciki na ɗauko!"

Tasalla ta ja mayafi ta rufe fuska.