Ranar Ƙirgar Kifi a Tafkin Mungubal

"Ke Jucirene! A kan jiƙaƙƙen katako kika shafa ƙaro?"

Valdenor ya tsuguna a gefen kwale-kwalen ƙanwarsa, ya sa farce ya ɓantari baƙin ƙaron da ta liƙe tsagar da shi, ya murtsuka a yatsu, sai ya kwashe da dariya. Duk ƙauyen shi ne mai gyaran jirgi, kuma da hannunsa kaɗai yake gane aikin gaggawa.

"Da ka gyara mini da na roƙe ka, ai da ban taɓa ba," in ji Jucirene, tana jefa ƙwaryar kwarfe ruwa da ƙullin garin rogo cikin jirgin.

"Na ce miki sai ya sha rana ya bushe."

"Rana ta fito ne? Tun da aka shiga makon nan sama take zuba. Matsa mini, Yaya, ana jirana."

"Wannan ai kwando ne za ki hau. Ki tafi da wasiyyarki."

Ta tura jirgin ruwa. Ta san yana da gaskiya, amma ba wani jirgin da za ta ara, domin yau duk wanda yake da kwale-kwale a ƙauyen yana kan tafki.

Tafkin Mungubal ya daɗe a rufe. Lokacin da suke yara, piraruku kifi ne da ake tuntuɓe da shi, ƙato mai jan wutsiya wanda ya fi namiji tsawo. Sai jiragen ƙanƙara na 'yan kasuwa suka riƙa zuwa daga birni da taruna masu tsawo, su ma mutanen ƙauyen suka biye musu, har aka wayi gari mutum zai wuni a kan ruwa bai ji numfashin ko ɗaya ba. Daga nan ƙungiyar masunta ta yi yarjejeniya: ba taru, ba mashin sukar kifi, a riƙa gadin bakin tafki bi da bi. Kowane rani a ƙirga kifin, in ya kai adadin da hukuma ta gindaya, a ba su izinin kama wani kaso. Bara bai kai ba. A taron da aka yi a farfajiyar coci, Valdenor ya miƙe ya ce shi da mutanensa sun gaji da ciyar da 'ya'yansu da gari da alkawari. Bana in bai kai ba, taru zai shiga ruwa, kowa ya kwashi rabonsa kafin 'yan birni su kwashe. Tarunan ma suna nan jibge a bakin tafki tun jiya.

Kuma ba damar a ɗaga ƙirgar. Kogi ya fara cikowa. Da zarar ruwa ya haura cikin kurmi, kifin zai watse a tsakanin itatuwa, ba mai iya ƙirga shi sai baɗi.

Shugaban ƙungiya, Seu Aldemir, dattijo ne mai ƙaramar murya. Yana tsaye a jirginsa yana raba wa masu ƙirga wurare. Ya jera su a gauraye, mai goyon bayan yarjejeniyar kusa da mai adawa da ita, don kada gobe wani ya ce an yi coge.

"Jucirene, lungun rimi naki ne. Manyan can suke taruwa, idonki nake so a wurin. Valdenor, kai ne a gefenta."

"An haɗa ni da mai kwando," in ji Valdenor. "Seu Aldemir, kifi zan ƙirga ko gawa?"

"Ka ƙirga abin da ya fito numfashi," in ji dattijon. "Ku ji ni da kyau. In na ɗaga farin ƙyalle, an fara. Ba tuƙi, ba magana, ba tari, ba kashe sauro. Sai kun ji usur."

Kowa ya san dalili. Piraruku dole ne ya leƙo sama ya shaƙi iska, kuma a ɗan tsakanin ƙyalle da usur kowane kifi sau ɗaya zai leƙo. Amma kunnensa ya fi na ɓarawo. Ƙaramar ƙara a jikin katako ta isa ta sa garken ya sulale zuwa wani gefen, a nan a rasa shi, a can a ƙirga shi sau biyu, aikin duk ya lalace.

Jucirene ta tsaya a lungun, inda wani tsohon rimi ya faɗi ya bar rassansa a tsaye cikin ruwa. Ta kwarfe ɗan ruwan da ya taru a ƙasan jirgin, ta ajiye ƙwaryar a hankali, ta ciro igiyoyin ƙirga biyu da ke rataye a wuyanta, ja ta manya, fara ta ƙanana. Can nesa farin ƙyalle ya tashi.

Tafkin ya yi tsit.

Na farko ya fashe ruwa a damanta, ya buɗe baki ya ja iska, ya juya jan wutsiya ya nutse. Babba ne. Ta ƙulla. Wani ƙarami ya leƙo a gindin ciyawa. Ta ƙulla a fara. Sai biyu a jere, manya, har igiyar ruwansu ta girgiza jirgin. Zuciyarta ta yi sanyi. Bara a lungun nan ta gaji da zama kafin ta ga na uku.

A lokacin ne ta ji sanyi a diddigenta.

Ba ta sauke ido ba, da yatsan ƙafa ta laluba. Ƙaron ya ɗago gaba ɗaya kamar ɓawon rogo, zaren buhun da ta cusa a tsagar yana yawo, ruwa na shigowa a nitse, ba ƙara. Ta danne tsagar da tafin ƙafa. Ruwan ya zagaye ƙafar ya ci gaba da shigowa.

Ƙwarya na nan kusa da gwiwarta. Kwarfa biyar ko shida za su ba ta sarari. Amma ƙwarya sai ta goga katako, ruwan da za ta watsar sai ya yi ƙara, kuma garken da ya fi kowanne girma a tafkin yana ƙarƙashinta.

Wani ya leƙo a gabanta, ƙato, kansa kamar turmi. Ta ƙulla.

Ruwa ya rufe idon sawunta. Ƙullin garin rogo ya jiƙe ya kumbura. Ta ga ƙwaryar ta fara iyo za ta bugi gefen jirgi, ta yi wuf ta matse ta a tsakanin cinyoyinta.

Ta gefen ido ta hango Valdenor. Ya ga bakin jirginta ya yi ƙasa. Yana yi mata alama da hannu biyu: kwarfe, kwarfe! Ta girgiza kai. Ya nuna rassan rimin da baki. Ta duba. Wasu idanu biyu ne a saman ruwa, ba sa ƙiftawa. Kada ne. Ba babba sosai ba, amma ba na wasa ba.

Valdenor ya ɗauki matuƙinsa.

Nan ne gabanta ya faɗi, fiye da faɗuwar da ya yi don kadan. Tuƙi ɗaya zai kore kifin lungunta da na wurinsa, ƙirga ta ɓaci, taru ya shiga ruwa kafin la'asar, kuma ba wanda zai zarge shi, ai ƙanwarsa ya je ceto. Ta ɗaga yatsa ta nuna shi, ta nuna jirginsa, ta zare masa ido irin yadda mahaifiyarsu take yi musu in sun yi motsi a coci. Ya tsaya da matuƙi a sama. Ta ga leɓɓansa suna motsi, ta san ashar ne. Sai kifi ya fashe ruwa a bayansa. Ya waiga. A hankali ya kwantar da matuƙin a cinyarsa, ya kai hannu ga igiyarsa ya ƙulla.

Ruwa ya kai mata ƙugu. Jirgin ya daina zama jirgi, ya koma katakon da take zaune a kai. Ta miƙa hannun hagu sannu a hankali ta kama reshen rimi, ta sa igiyoyin a haƙora, ta bar jirgin ya zame daga ƙarƙashinta ba tare da ko kumfa ba. Yanzu da hannu ɗaya da baki take ƙulli. Babba. Ƙarami. Babba. Wani ya leƙo kusa da ita har ta ga jan ɓawon jikinsa, ta ji iskar bakinsa. Idanun nan biyu sun ɓace daga inda suke, kuma ba ta da idon da za ta ba su.

Usur ya tsaga tafkin.

Kafin ƙarar ta mutu Valdenor ya iso, yana dukan ruwa da matuƙi yana ihu don korar kadan. Ya damƙi wuyan rigarta.

"Shigo, mahaukaciya!"

Ta tofo igiyoyin a hannunsa. "Riƙe waɗannan tukuna. Kar su warware."

"Uwar igiya! Shigo na ce!"

Ya fizgo ta ta faɗa cikin jirginsa kamar buhun gari. Tana kwance tana haki, shi kuma yana kallon jan igiyar da ta cika da ƙulli tun daga sama har ƙasa.

"Duk wannan a lungu ɗaya?"

"Kai nawa ka samu?"

Ya ciro tasa ya nuna mata, yana harararta. Tasa igiyar ma ba laifi.

Jirage suka taru a tsakiyar tafki. Seu Aldemir ya karɓi igiyoyi yana haɗawa, mai adawa ɗaya na duba shi ta dama, mai goyon baya ta hagu. Ya gama, ya sake bi daga farko. Sannan ya cire hularsa.

"Ya kai," in ji shi da ƙaramar muryarsa. "Har ya ɗan haura."

Ihu ya tashi, ana buga matuƙai a jikin jirage, yanzu kam ba mai hanawa. Wani daga cikin mutanen Valdenor ya tambaye shi yaya za a yi da tarunan da ke bakin tafki.

"A mayar da su rumfa. Ko akwai wanda bai ji Seu Aldemir ba?"

Jucirene ta tashi zaune tana matse gashinta. "Ku bar ihun nan haka. Wa yake da doguwar igiya? Jirgina yana gindin rimi, in aka bari laka ta riƙe shi, sai dai a yi masa addu'a."

"Da kadan a wurin za ki nutse?" in ji Valdenor.

"Kai za ka nutse. Ni zan riƙe igiya."