Waƙar Iyatu a Titin Mansur

Nuf ta ƙure ƙarar wayarta ta ɗaga ta sama, don matan da ke sayar da abinci a bakin titin Mansur, unguwar Hausawa a ƙasar Larabawa, su ji. Muryar kakarta ce, marigayiya Iyatu, tana rera waƙa. Baiti ɗaya bai ƙare ba wurin ya hargitse. Mai masa ta suri tirenta ya suɓuce, ta bar shi ta faɗa lungu, mai kunu ta yi tuntuɓe bokitinta ya kife, masa ta watse har ƙarƙashin motoci.

"Esh sar? Me ya faru?" in ji Lujain, abokiyar karatunta Balarabiya.

Nuf ta yi sauri ta kashe wayar. A jami'a kwanakin baya, malamar adabi ta nuna musu yadda aka bi sawun wata tsohuwar waƙar mutanen ƙasar Ailan har ƙauyen da ta fito, ta ce kowa ya nemo irinta. Nuf, wadda ta gaji da tambayar "ku asalinku daga ina?", ta miƙe a gaban aji ta ce suna da wadda ta fi ta tsufa, waƙar gidan sarauta daga Sakkwato. Ba wanda ya faɗa mata haka. Hausarta ba ta kai ta tsinci baitocin ba, shi ya sa ta zo neman masu sani.

Tsohuwa ɗaya ce ba ta gudu ba, Amatullahi mai gyaɗa, ita ma don gwiwa ta hana.

"Ke 'yar wace ce da za ki tayar mana da hankali da rana tsaka?"

"Jikar Iyatu ce, Hajiya. Asalin waƙar nake nema."

"Iyatun unguwar Nakkasa? Allah ya jiƙanta! Ai ita ta ƙaga ta, ya binti, 'yata, nan inda kike tsaye. In ta hango motar baladiyya, hukumar gari masu kwashe kayan talla, sai ta ɗauki waƙa kamar mai rarrashin goyo, kowa ya san inda dare ya yi masa. Har yau da ita muke tsira. Da tiren gyaɗa ta ciyar da ubanki."

Mai kunu ta dawo tana ɗingishi, ta tsaya tana duban bokitinta da ya kife. Nuf ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

"Me ta ce?" Lujain ta tambaya. "Wane sarki ne?"

Lujain ba ta jin Hausa. Duk sunan da aka faɗa mata zai zauna. Nuf ta tattare abayarta, ta durƙusa tana tsince masa daga ƙasa.

"Babu sarki," ta ce da Larabci, kanta a sunkuye. "Kakata ce. A nan take talla. Yalla, zo riƙe min tiren nan."