Kawun Ƙofar Sinima

"Mama, idan mutum ya ce shi kawunki ne har sau uku, shi ke nan ya zama kawunki?"

Ina fere dankali ranar Alhamis da yamma Marlene ta jefo mini wannan tambaya. Shekararta takwas, kuma ba ta da kawu ko ɗaya a nan garinmu na Grimsby. Ƙanina yana Leeds. Babanta Len shi kaɗai uwarsa ta haifa, kuma yana teku a jirgin kamun kifi, sai bayan kwana goma zai dawo. Na ajiye wuƙar, na tambaye ta wa ya faɗa sau uku.

Da ƙyar na ciro maganar, kaɗan-kaɗan. Ashe sisin da nake ba ta don fim ɗin yara ba can take kai shi ba. Ƙofar sinimar bakin kasuwa take zuwa da rana, ta shiga cikin yaran da ke roƙon manya, Malam shigar da ni, Malam shigar da ni. Fim ɗin kisa da ɓuya ba a barin yaro ya shiga sai da babba. Sai ka miƙa wa wani kuɗinka ya saya maka tikiti, ya ce wa mai sayarwa kai nasa ne, kuna wuce labule kowa ya kama gabansa. Na kasa yi mata faɗa yadda ya kamata, don ni ma haka na yi ina yarinya, a wannan ƙofar dai. Duk garin haka muka tashi.

Amma wannan mutumin bai kama gabansa ba. Sau uku ke nan yana shigar da ita, bai taɓa karɓar sisinta ba. Kusa da ita yake zama, ya saya mata alewa. A wannan Alhamis ɗin kuma, daidai lokacin da matar fim ɗin ta ji takun mutum a matattakalar gidanta, sai ya duba agogo ya ce dole ya tafi, ita kuma ba ta da ikon zama ba tare da shi ba. Ya ce ta dawo Asabar, ranar ƙarshe kafin a canza fim, ta ga yadda aka ƙare, sannan ya raka ta gida ta ƙofar gefe, wai akwai gajeriyar hanya.

Na tambayi kamanninsa. Ta ce kwat ruwan toka da hula. Rabin mazan garin ke nan.

"Ba kawunki ba ne," na ce, "kuma ke da ƙofar nan kun yi sallama."

"To matar fa? Ta mutu?"

Na ce ban sani ba, ba kuma ruwanmu. A nan na yi kuskure. Na ɗauka hani ya isa. Hankalina duk yana kan alewa, ban gane da rabin labari ya riƙe ta ba.

Ranar Asabar dole na kai ragar kamun kifin da na saƙa bakin ruwa, don ranar ake karɓa. Na bar Marlene wajen kakarta, na gargaɗi tsohuwar har sau biyu. Uku da kwata na dawo na tarar tsohuwar tana minshari gaban murhu, kwat ɗin yarinyar babu a jikin ƙusa.

Ban san sa'ad da na isa kasuwa ba. Na tambayi mai sayar da tikiti ko ta ga yarinya mai koren kwat tare da wani mutum.

"Misis Cammack, yau fa Asabar ce," in ji ta. "Kawu arba'in na sayar wa tikiti, kowanne da 'yar ɗan'uwansa."

Manaja ya fito yana goge baki. Na roƙe shi ya kunna fitila na minti ɗaya. Ya ce fim ba ya tsayawa, daga ƙarfe ɗaya yake zagayawa har a rufe, kuma mutum ɗari shida ne a ciki, ba zai tayar da su don yarinyar da ta sulale daga gida ba. Wai in jira a bakin ƙofa. Na ce masa ba ta wannan ƙofar za a fito da ita ba. Ya ce in biyar ta yi ba ta fito ba, shi da kansa zai kira ɗan sanda.

Sai na ji an ja hannun rigata. Misis Drewery ce, mai haska wa mutane kujera da tocila, wadda ta taɓa fitar da ni da kunne ina 'yar shekara goma. Na ce ta ba ni tocilar. Ta ce a'a, in muka bi layi-layi zai hango hasken yana matsowa, kafin mu kai ya fice da ita.

"Saurara, Avril. Sau goma sha bakwai na kalli abin nan a makon nan. Saura kamar minti shida matar ta yaye labulen tagarta, zauren nan ya yi fari fat. Ki ƙirga goma, ya wuce, kuma ba wani haske sai ƙarshe. Ki tsaya can gaba, ki ba allo baya, ki kalli mutane."

Ƙofofin gefe biyu ne, ita kuma mutum ɗaya ce. Ta tafi tsare ta dama.

Ciki hayaƙin taba ne da warin jiƙaƙƙun riguna da ɓawon lemo. Fim ɗin baƙi da fari ne, amma baƙin ya cinye farin. Na lallaɓa har ƙarƙashin allo, na juya. Ban ga komai ba sai jajayen wutar sigari nan da can.

"Ke, ba ke muka biya mu kalla ba," in ji wani daga gaba.

"Bar ta, ta fi matar kyau," in ji wani, aka yi dariya.

Ban motsa ba. A bayana ina jin takun nan yana hawa, ɗaya bayan ɗaya, katako yana kuka. Na ce a raina, idan fa sun riga sun fita? Idan Misis Drewery ta ɓata lissafi, labulen ya wuce tun ina gardama da manaja? Me zan ce wa Len a bakin jirgi? Na dafa katakon da ke bayana.

Sai haske ya zo. Fuskoki ɗari shida, farare, baki buɗe. Na fara da layin gaba, inda yara kan zauna, na ɓata ƙirga huɗu a banza. Tsakiya, babu. A ƙirga ta bakwai na ga Marlene can hagu, ba a zaune ba, a tsaye a hanya, hannu ɗaya cikin kwat, ta waiwayo tana kallon allo, wani mai hula yana jan ta wajen ƙofa.

Na ƙwala sunanta da duk ƙarfina, hasken ya ɗauke.

Na kutsa cikin layi ina taka ƙafafun mutane, ana zagina. Ƙofar hagu ta buɗe, hasken rana ya shigo siriri, ta rufe. Mutum ɗaya ne ya fita ko biyu, ban sani ba. Na ci gaba da laluben duhu har hannuna ya faɗa kan wata 'yar kafaɗa, na shafo maɓallin da ni na ɗinka da zaren raga.

"Mama, kin sa ban gani ba," ta ce. Wai ya ce mata su fita kafin cunkoso, zai ba ta ƙarshen a hanya.

Ɗan sanda ya zo ya rubuta kwat ruwan toka da hula. Har yau ba a samu kowa ba. Da ɗan sandan ya tafi, na so in kai ta gida in zane ta. Maimakon haka na sayi tikiti biyu, muka koma ciki, muka zauna har fim ya zagayo ya ƙare. Ni ban ga komai ba, wuyan hannunta na riƙe. A hanya ta ce matar ba ta mutu ba, kuma ƙarshen ma ba daɗi. Ba ta sake tambayar sinimar ba.

Ke mai karanta wannan, na san ke ma wani ya taɓa shigar da ke, kuma kin fito lafiya. Kada wannan ya ruɗe ki. In 'yarki ta zo da rabin fim a kanta, kada ki tsaya ga hani, ki ajiye aikinki ki kai ta ta ga ƙarshen da kanki. In kuma yarinyar wani ta tare ki a ƙofa ta ce ki shigar da ita, ki tambaye ta ina uwarta, kuma kada ki wuce ki bar ta ga na bayanki.