Tulun Madam Han

Mijina Toma shekararsa sittin da bakwai, dattijo ne a coci, amma ranar da saƙon Unju ya shigo wayarsa sai da na tura masa kujera ya zauna. Saƙon gajere ne. Ta ce aiki ya kawo ta Abuja, za ta iso Zariya ranar Asabar, kuma tana son cin baƙar taliyar nan ta shagon mamarta.

Unju 'yar Madam Han ce. Ita Madam Han 'yar Koriya ce da ta biyo mijinta Samaru a 1984. Shi yana can yana binciken irin shinkafa, ita kuwa zaman gida ya ishe ta, sai ta kama shago a Sabon Gari ta jera tebur huɗu. Ranar Lahadi wurin ba masaka tsinke. 'Yan ƙasarsu da 'yan Sin masu gyaran inji a masaƙun Kaduna sukan yo mota guda, ga malaman jami'a, ga Inyamurai masu shaguna da suka fara leƙowa don gulma har suka zama 'yan gida. Toma ne kukunta. Ni kuwa ina tsallaken titi ina sayar da kayan miya, kuma tun da nake ban taɓa ganin shagon da albasa ke ƙare masa sau uku a wuni ba sai nasu. Daga sayen albasar nan aka kai ga aure.

Abincin da ya yi suna a shagon shi ne taliyar da ake ja da hannu, a malala mata baƙar miya mai albasa da kabeji da nama. Madam ta ce asalinta girkin 'yan Sin ne da suka zauna a Koriya, kuma kowane gari da irin hannunsa. Sirrin miyar wani baƙin ƙulli ne na waken suya da yayarta ke aiko mata daga gida sau biyu a shekara. Tana juye shi a wani tulu ruwan ƙasa mai murfi, ba mai buɗe shi sai ita da Toma.

A shekara ta uku yayar ta rasu. Madam ba ta samu zuwa jana'iza ba, abin ya kwantar da ita. Ta daina shiga kicin, ta rame har wuyanta ya fito, ba abin da ke wuce maƙogwaronta sai taliyar nan. Kullum in Toma ya ajiye mata kwano sai ta tambaye shi ko akwai sauran ƙulli a tulu, shi kuma ya ce, "Da saura, Madam." Alhali cokali ya fara kankarar gindin tulu, kuma mai aikowa ta tafi.

Ran nan ya tsallako wurina, ya ce in ba shi daddawa mai kyau. Muka dafa waken suya, muka kirɓa shi da daddawar, ya ƙona sukari har ya yi baƙi ya zuba, ya sa gishiri, muka rufe kwana tara. Na farko kare ma ba zai ci ba. Na uku ne ya yi kama, ya cika tulu da shi. Da Madam ta warware ta ga tulu cike, sai ya ce wani kuku ɗan Sin a Kaduna ne ke ɗibar masa kyauta. Ta dube shi, ta gyaɗa kai, ba ta sake tambaya ba. Shekara shida ana cin daddawata a Sabon Gari da sunan kayan Koriya, Unju ma da ita ta girma.

Da za su koma gida a 1993, Madam ta bar wa Toma tulun. Ya raka su tasha da niyyar faɗa mata gaskiya, ya dawo da maganarsa a ciki. Tun daga ranar abin ke cinsa. Mutumin da ko canjin naira biyar ba ya iya riƙewa, ga shi ya ciyar da uwar ɗakinsa ƙarya shekara shida. Na sha ce masa ƙaryar da ta tashi mara lafiya ai magani ce, ya ce ba ni Allah zai tambaya ba.

Yanzu muna Samaru, da ɗan shagonmu a hanyar Bomo. Ɗalibai masu kallon finafinan Koriya sun gano mu, sukan zo su ɗau hoton kwano kafin su ci, suna ta santi da Turanci. Da na ce masu daddawa ce, da wasu sun ajiye cokali.

"Rifkatu," in ji Toma bayan ya karanta saƙon sau huɗu, "yarinyan nan shekara talatin tana cin na gaskiya. Loma ɗaya za ta gane ni."

"To ta gane mana. Kashe ka za ta yi?"

Bai kula ni ba. Ya kira ɗanmu Othniel da ke aiki a Abuja, ya sa shi zagaye kantunan 'yan Sin har ya samo ƙullin na asali, ya ba direba ya kawo. Ranar Alhamis Toma ya kwashe abin da ke cikin tulu a bokiti, ya wanke tulun sau uku da ruwan zafi, ya juye na kanti. Ya miƙo mini bokitin ya ce in zubar a bola, kada ko warinsa ya kwana a gidan. Da na dawo ya ce, "Kin zubar?" Na ce na zubar.

Unju ta iso da hantsi. Yarinyar da na sani da gajeren wando tana bin akuyoyi ta zama mace mai tabarau, har da furfura a goshi. Ta rusuna ta ce, "Kawu Toma, ina kwana. Mama Rifkatu, ina gajiya." Hausarta ta yi tsatsa, amma tana nan. Ta ce ta biya ta Sabon Gari, shagon ya koma na sayar da taya, sai dai bishiyar durumin tana tsaye. Sannan ta faɗa mana Madam ta rasu bara. Toma ya cire hula ya riƙe a hannu. Na san abin da yake tunani, wadda zai roƙa gafara ta riga shi tafiya.

Ya shiga kicin ya ja taliya. Ya daɗe bai ja ta da kyau haka ba, sirara sumul, ko ɗaya ba ta tsinke ba. Miya ta fito baƙa wuluk tana sheƙi. Unju ta ɗauki tsinkayen cin abinci ta cakuɗa, ta kai loma ɗaya, ta kai ta biyu, ta ajiye. Ta ce ya yi daɗi, amma fuskarta irin ta wanda ya iso tasha ya tarar mota ta tashi.

"Kawu," ta ce a hankali, "ina na daddawa?"

Ludayi ya faɗi daga hannun Toma.

Da 'yar Hausarta, tana cikawa da Turanci, ta ba mu labari. Tun kwanon farko Madam ta gane. Matar da ta tashi a gidan da ake tsima wake, ita za a ɓoye wa warin daddawa? Ta san kuma babu wani ɗan Sin a Kaduna. Ta ce wa Unju mutumin da ya yi mata ƙarya don ta ci abinci ta rayu, ba za ta kunyata shi ba har abada. Da suka koma gida kuwa sai kewar miyar ta kama ta. Duk hutu sai ta ja Unju gari gari, daga gidajen abincin 'yan Sin na bakin teku har na ƙauyukan kan dutse, ta ɗanɗana ta ture kwano ta ce ba irin ta Toma ba ce.

"A wurinmu," in ji Unju, "ranar da mutum ya cika shekara da rasuwa, ana dafa abin da ya fi so, dangi su taru. Wata mai zuwa ne. Na rasa abin da zan dafa mata, shi ya sa na zo. Gobe da safe zan koma."

Toma ya zauna daɓas a kan benci. Hawaye na bin gemunsa, bai ko share ba. Shekara talatin da wani abu yana neman gafarar abin da aka karɓa da godiya, yanzu kuma an zo nemansa daga uwa duniya, ya sa an zubar shekaranjiya. Sabo kuwa sai ya kwana tara.

"Yarinyana," ya ce, "kin makara da kwana biyu. Wautana ya sa na..."

Ban tsaya jin ƙarshen ba. Ni Rifkatu da na sayar da kayan miya shekara ashirin, ni zan kai daddawa bola? Na zagaya bayan ɗaki, na ɗage buhunan gawayi, na ciro bokitin da na ɗaure wa baki da leda. Na dire shi a kan tebur na kwance. Warin ya cika shagon. Unju ta sunkuya ta shaƙa, ta dafe bokitin da hannu biyu, ta fashe da kuka tana kiran mamarta da yarensu.

Toma ya dubi bokitin, ya dube ni.

"Rifkatu, ba kin ce kin zubar ba?"

Na miƙa masa ludayinsa na ce, "Da saura."