Kan Kifin Abai

Tun kafin sanyi ya wuce Abai ta daina cin abinci. Shayi kawai take kurɓa, shi ma rabin kofi. Likita a Mingora, babban garin yankin Swat, ya duba ya sake dubawa, sannan ya ja 'yarta Bakht Zari gefe ya ce duk abin da tsohuwa ta nema a ba ta, a daina hana ta komai. Bakht Zari ba yarinya ba ce, ta gane inda maganar ta dosa.

Abu ɗaya Abai ta nema: kifin tafkin Mahodand, mai jan ɗigo-ɗigo a gefe, irin wanda mahaifinta ke kamo musu tana ƙarama a ƙauyensu Matiltan. An sayo mata na kiwo daga kududdufan siminti na bakin hanya, ta shinshina ta ture kwanon.

"Wannan dusa ya ci ya girma," in ji ta. "Ciwo nake, ba hauka ba."

Don haka da ƙanƙara ta narke hanya ta buɗe, aka kai ta garin Kalam, daga can aka ɗauki shatar mota zuwa tafkin. Aka kwantar da Abai a baya cikin barguna, kanta bisa cinyar 'yarta, motar na jijjiga ta kamar ana tankaɗe. Rahat, babban ɗan Bakht Zari, ya rufe shagon ɗinkinsa ya biyo su da sandar fatsa da gwangwanin tana. Mijin Bakht Zari kuwa, Sher Afzal, yana gaba kusa da direba yana ɗaga wa kowa hannu. Mutumin kirki ne a bakin gari, ɗakin baƙinsa ba ya rabo da jama'a. Matarsa kaɗai ta san inuwar giginya take aure, na nesa ke shan ta.

A bakin tafki mata suka fake bayan wani dutse, aka ɗaura mayafi ya kare su. Rahat ya naɗe wando ya shiga ruwan da ke yanka ƙafa kamar wuƙa. Tun hantsi yake jefawa yana janyowa, ba ko motsi, domin masu raga sun riga sun tatse tafkin. Sai bayan azahar sandar ta lanƙwashe. Ya fito leɓensa na rawa, riƙe da kifi ɗaya tal, tsawon kamu ɗaya.

Abai ta ce a miƙo mata. Ta shafa ɗigon da yatsa, ta yi dariyar da aka daɗe ba a ji ba.

"Shi ne. Ki bar masa kansa, Zari. Naman kumatun nan ya fi komai."

Bakht Zari ta gyara shi, ta sa gishiri da barkono, ta birkiɗa shi a garin masara ta jefa cikin man shanu. Da ƙamshi ya tashi tsohuwa ta yunƙura ta zauna da kanta, har tana tambaya ko ya kusa. Bakht Zari ta sunkuyar da kai don kada a ga hawayen murnarta.

Daidai nan wasu samari uku 'yan birnin Lahore suka biyo ta wajen shimfiɗar maza, suna tambayar inda ake hawa kwale-kwale. Sher Afzal ya nuna musu, ya ƙara da abin da kowane ɗan Swat ke faɗa wa mai wucewa: "Bismillah, ku zo mu ci abinci." Ko yaron goye ya san amsar wannan tayi: ka dafa ƙirji, ka ce Allah ya ƙara buɗi, ka yi gaba. Su waɗannan suka dubi juna, suka ce ai kuwa sun gode, suka tuɓe takalma suka zauna.

Sher Afzal ya zo jikin mayafin ya yi ƙasa da murya.

"Uwar Rahat, miƙo kifin nan."

"Akwai gurasa da dankali da shayi. Kai musu."

"Sun ji ƙamshi. In sa wa baƙi dankali ana soya kifi a bayansu? Gobe in ɗaga ido in kalli wa?"

"Wa ya san ka a Lahore, baban Rahat? Wannan tsohuwa muka ɗauko tun daga Mingora saboda shi."

"Rahat zai kamo wani."

"Wuni guda ya kamo wannan. Kai da ko tana ba ka iya sa wa fatsa ba, kai ke rabon kifi?"

"Ki rage murya, suna ji."

Abai ce ta raba gardamar. Ta janyo gefen mayafin 'yarta.

"Ba shi, Zari. Baƙonka annabinka. Ba a kaina za a ce gidan surukina ya hana baƙo abinci ba." Ta matso da bakinta kusa da kunnenta. "Mutanen birni ba sa cin kai. Zai dawo mana."

Bakht Zari ta miƙa farantin ba tare da ta dubi mijinta ba. Tana jin su ta bayan mayafi suna hira da dariya, suna ɗaukar hoto da shi, shi kuma yana ta ba su labarin karamcin mutanen Swat. Rahat ya koma cikin ruwa, amma direba ya riga ya fara kiran a tattara, wai rafin da za a tsallaka yana cika da yamma in ƙanƙara ta sha rana.

Farantin ya dawo. Sun tsattsage naman sun bar kusan rabi a dagule cikin toka, kan yana nan kamar yadda Abai ta faɗa. Sai dai ɗayansu ya rasa inda zai kashe sigarinsa, ya murje guntun a cikin kumatun.

Bakht Zari ta kifa farantin bayan dutse.

"Ya dawo?" in ji Abai.

"Sun cinye har kan, Abai. Sun ce ba su taɓa cin kifi mai daɗinsa ba."

Tsohuwa ta dubi tafkin.

"To madalla. Ba mu ji kunya ba." Ta koma ta kwanta ta ja bargo.

Ba ta sake neman komai ba. Kafin masara ta nuna aka kai ta makwancinta. Ranar sadakar arba'in Sher Afzal ya kayar da bijimi, ya sa aka kira har masu wucewa a titi, gari ya ɗauka cewa ba a taɓa ganin surukin da ya ciyar saboda tsohuwa irin haka ba. Bakht Zari ce ta tsaya kan tukwanen tun safe har aka sallami baƙon ƙarshe. Ba ta kai loma ɗaya bakinta ba, kuma har yau ba ta yafe masa ba.