Takardar da Ya Gaji Ta Ƙi Taɓawa

Sau uku wisiye yana zuwa gidan Ya Gaji, sau uku tana shigewa ɗakin ajiya ta ja ƙofa. Wisiye shi ne mai kai wa mutane takardar shari'a har gida. Wannan sunansa Ilyasu, dogo ne, kullum da baƙar jaka a hammata. Sai ya tsaya a zaure ya yi ta sallama, ita kuwa tana tsugune tsakanin buhunan da babu komai a ciki. Mace mai shekara sittin da biyu, tana ɓuya a gidanta kamar ɓarauniya.

Bashin dai nata ne, ba ta taɓa musu ba. Bayan rasuwar mijinta Mala, ita ta ɗauki takardar gida ta kai kes, inda ake ba manoma rance, ta dangwala yatsa aka ƙirgo mata jikka ɗari shida, wato sefa dubu ɗari shida. Ta sayi injin ban ruwa da taki da iri, ta zuba a gonar tattasai ta bakin Komadugu, wajen Assaga. Tattasai ya yi kyau har masu wucewa na tsayawa kallo. Saura kaɗan a fara tsinka kogi ya cika ya haura. Kwana arba'in ruwa na kwance a gonar. Injin ma har yau yana can cikin laka, ba wanda ya san inda yake. Bashi kuwa bai nutse ba, ya yi ta hauhawa har ya kai jikka ɗari takwas.

Dabarar ɓuya ba ita ta ƙirƙiro ta ba. Maƙwabcinta ne ya koya mata, Alhaji Halilu, ɗan Damagaram mai sayen tattasai yana loda wa manyan motoci. Katanga ɗaya ce tsakaninsu. Ya shigo da murya ƙasa-ƙasa ya ce mata takardar gwamnati ba ta cin mutum sai ya taɓa ta. In ba ta karɓa ba, ba ta sa yatsa ba, kamar ba a rubuta ba ne, za su gaji su bari. Har alkawari ya yi mata, in ya hango motar wisiye zai buga katanga sau uku. Ya kuwa cika. Ya aiko mata da buhun gero. Wata biyar Ya Gaji tana sa sunansa cikin addu'a bayan kowace salla, tare da sunan Mala.

Ran wata Talata da hantsi tana tankaɗe, sai ga wani magini ya shigo da igiyar awo, ko gaisuwar kirki babu. Ya auna tsakar gida, ya auna ɗakin da Mala ya cika a ciki, ya zana gicciye da gawayi a jikin katanga. Ta tambaye shi wa ya aiko shi. Shi bai san komai ba, bawan Allah. Ya ce Alhaji Halilu ne, nan za a fasa ƙofa, a rushe ɗakunan nan a yi sito, tunda gidan zai fita gwanjo bayan Salla kuma Alhaji ya riga ya shirya kuɗinsa.

Ba ta yi kuka ba. Ta ajiye rariya, ta goge giccin da bakin zanenta, ta ɗauki mayafi. A ƙasa ta tafi har cikin gari, tana tambaya kanti-kanti, sai da ta samu biron Ilyasu, wato ofishinsa.

Ya ɗago kai ya ce, "Inna, ashe kina da rai. Ai na ɗauka aljanu nake wa sallama."

"Ba ni takardata," in ji ta. "Ka karanta mini. A hankali, ba irin karatun rediyo ba."

Ya karanta, ya fassara. Ya gaya mata ƙin karɓa bai tsayar da komai ba. Tun zuwan farko ya bar takardar a meri, ofishin magajin gari, kamar yadda doka ta ce, kwanaki kuma suna ta tafiya tana cikin buhuna. Da ta fito tun lokacin, da sun je kes tare an nemi a tsinka mata biyan kaɗan-kaɗan, don su ma kuɗinsu suke so, ba gida ba. Yanzu magana ta kai gaban alƙali. Ta tambaye shi nawa gidan zai yi a gwanjo. Ya ce gidan da ya kai miliyan shida, in masu taya ba su zo da yawa ba, ana iya sallama shi ƙasa da rabin haka. Ya Gaji ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi a baya. Buhun gero ɗaya. Abin da Halilu ya kashe ke nan.

Ilyasu ya ce tana iya neman mai saye da kanta, da sanin kes, a biya su ta riƙe saura. Ta ce gidan Mala ba na sayarwa ba ne, ya faɗi wata. Sannan ya ce akwai wata hanya, amma mutane ba su cika saninta ba. In gidan zai kawo kuɗin haya da zai biya bashin duka cikin shekara biyu, ta kuma yarda hayar ta riƙa wucewa kai tsaye zuwa kes, alƙali yana iya dakatar da gwanjon. Sai dai ba baki ake kai wa alƙali ba, takardar haya ake kaiwa, da sa hannun mai haya. Ya ce saura mata kwana goma sha ɗaya.

Zaure da ɗakuna biyu na gaba ta sa a haya. Masu so biyu suka fito. Na farko direban wata ƙungiyar agaji ne, mutum shiru-shiru, shi da matarsa kawai, ya taya jikka arba'in a wata. Na biyu Fannami ne, wanda ya gudo daga tsallaken kogi shekarun baya, yana da injin niƙan tattasai a wata rumfar kara, yana neman wuri mai ƙofa da makulli. Shi jikka talatin da biyar ya iya.

Ya Gaji ta zauna a tsakar gida ta lissafa da ƙwallayen dabino, sau biyu. Talatin da biyar ma ta isa, har da ɗan canji. Ta ɗaga kai ta dubi katanga. Can sama akwai tagar ɗakin Alhaji Halilu, inda yake shan shayi da baƙinsa, daidai kan zaurenta. Ta lasa yatsa ta ɗaga sama ta ji inda iska ke bi. Ta aika a ba direba haƙuri.

Wannan karon kafin ta dangwala yatsa sai da mutum biyu suka karanta mata takardar, kowa daban, ba tare da ɗaya ya ji ɗaya ba. Ranar zaman kotu ta sa zanen da ta yi takaba da shi, ta zauna a bencin gaba. Mutumin kes ya duba takardar haya ya ce ba su da ja. Alƙali ya dakatar da gwanjo, ya ja kunnenta cewa in haya ta tsaya, magana za ta dawo sabuwa. Halilu yana bencin baya. Ba ta ko waiwaya ba.

Sati guda bayan haka aka kafa inji. Fannami ya so ya sa shi ta gefen titi, ta ce a'a, jikin katanga, ƙarƙashin taga. Ƙarfe bakwai na safe ya tayar. Gidan duka ya ɗauki rawa, jan gari ya tashi ya bi iska. Ba a yi minti biyar ba aka fara jin atishawa daga ƙetare, da ƙarar kofin shayi da ya faɗi. Ita ma idonta na zuba, maƙogwaronta na ƙuna. Ta jawo tabarma ta zauna kusa.

Kwana huɗu Halilu ya daure. A na biyar ya shigo da hankici a hanci, idanu jajur. Ya ce Ya Gaji ai ba a haka tsakanin maƙwabta. Ya ce shi zai biya kes kuɗinsu yau ɗin nan, ta biya shi duk ran da ta samu, a dai fitar da injin nan.

"In ba ka takardar gida ka riƙe ke nan?"

"Don shaida kawai."

Ta tashi ta shiga ɗakin ajiya, ta jawo buhun gero, sabo, da kuɗin ƴan kunnenta ta saye shi. Ta ja shi har gaban ƙafarsa.

"Ga geronka. Addu'ar wata biyar ce ban san yadda zan karɓo ba."

Ya ce zai kai ƙara meri, unguwa ba wurin inji ba ce. Ta ce injin niƙa uku ne a layin nan, ɗaya ma na ƙaninsa ne, ya fara da wancan.

"In kuma ka kai, ka ce a aiko Ilyasu da takardar. Ba sai ka buga katanga ba. Ina zaure."

Ya fita ya bar buhun. Ta sa Fannami ya ɗauka ya jingine masa a ƙofar gida, inda duk mai wucewa zai gani ya tambaya.

A ƙusar da ke bakin ɗakin Mala ta rataye igiya mai ƙulli ashirin da huɗu, ƙulli ɗaya wata ɗaya. Ran da Fannami ya kawo mata rasit na farko daga kes, ta kwance ɗaya. Ta share hawayen tattasai da bakin mayafi, ta leƙa zaure ta tambaye shi ko ba a samun masu niƙa ran Juma'a da safe.