Maigatari Ranar Litinin

"Baba, ka ɗan matsa, mutum huɗu ne a baya," in ji direba, ya tura ƙofar da ƙugunsa har ta rufu.

Ya'u mai igiya ya tattare rigarsa ya takure tsakanin wata Hajiya mai ƙiba da wani malamin makaranta. Yau ba ɗaurin igiya a but ɗin mota, ba ragama, ba dabaibayi, sai yake jin kamar ya manta wani abu. Ya fi shekara ashirin yana bin kasuwannin ƙasar Gumel da kayansa, bai taɓa shiga mota hannu rabbana ba sai yau.

Dalili ne ya fito da shi. Ruwan damina ya kwantar da gidansa a ƙauye, aka kwaso su aka zuba a wata firamare a Gagarawa Tasha. Yanzu hutu ya kusa ƙarewa, hedimasta ya roƙe su da girman Allah su nemi wuri kafin Asabar. Shi Ya'u ko a gindin bishiya zai iya kwana. Matarsa Rahamatu ce abin ji, domin yanar ido ta rufe mata gani, ba ta ganin komai sai inuwa-inuwa, 'yarsu ɗaya kuma tana aure can Kano. Da asuba da zai fito ta ce masa, "Ni dai Malam, duk inda za ka kai ni, ka kai ni inda in na yi kira za a amsa." Ya ce ta kwantar da hankalinta, Maigatari za su, inda yake da mutane kamar ƙasa. Dogo dillalin shanu ma ya yi masa alkawarin ɗaki.

To Ya'u mutum ne mai son jin ƙwaƙwaf, bakinsa ba ya zama. Kafin mota ta hau kwalta sosai, kowa ya san labarinsa.

"Maigatari kuma?" in ji Hajiya, ta kama haɓa. "Da Gumel a gabanka? Haba Baba! Ga babban asibiti, ka kai ta a duba idon. Ga a-daidaita-sahu har ƙofar gida. Mai lalura ai kusa da likita yake zama."

"Haya fa, Hajiya?"

"To, haya kam sai haƙuri."

"Maƙwabta fa? Ana shiga gidan juna?"

Hajiya ta ce, "Ya danganta da unguwa. Mu dai layinmu duk ma'aikata ne, da safe kowa ya ja get ɗinsa."

Malamin makaranta ya yi gyaran murya. Shi mutumin Sule Tankarkar ne, kuma ba ya yarda a yi zancen gari a tsallake nasu. "Ka zo wajenmu, Baba. Fili har sai ka ce ya isa, ka shuka geronka da riɗi a bayan ɗaki. Ba hayaniya."

"Ba hayaniya, ba ciniki," in ji direba. "Garinku ko kaji da wuri suke shiga akurki."

Mota ta ɗauki dariya. Ya'u ya ce lallai kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Sai direba ya tambaye shi me ya hana shi zama nan Gagarawa inda yake. Ya'u ya taɓe baki.

"Ina! Me zan ci a nan? Tashar da na manta rabon da in ji kukan jirgin ƙasa? Ai ni kwana kawai nake yi, ko layukan garin ban sani ba. Amma Maigatari, ku bari kawai. Na san ta kamar yunwar cikina. Raƙuma daga Nijar, shanu har ido ya gaji, tireloli a jere, sefa da naira suna musafaha. Ban taɓa yin taku goma ba a kira sunana ba."

A Gumel ya canja mota. Da hantsi aka sauke shi a Maigatari, ya doshi kara, wato kasuwar dabbobi, yana tafe yana gyara hula don gaishe-gaishe.

Sai ya ja ya tsaya.

Fili ne fetal. Turaku a jere babu ko saniya ɗaya, wasu awaki suna tsintar ƙaiƙayi, wani mutum can nesa yana tara kashin shanu a amalanke. Ikon Allah! Ashe ƙasar wurin gangare ce? Ashe akwai bishiyar aduwa a tsakiya? Shekara da shekaru yana kasa igiyarsa a nan, bai taɓa ɗaga kai ya gan ta ba. Har kukan kurciya ya ji, a Maigatari! Abin ya ba shi sha'awa ƙwarai, ya riƙa zagayawa yana leƙa rumfuna kamar wanda aka kai baƙon wuri. Ya tsaya daidai inda yake zama duk Alhamis, ya auna da ƙafa, ya ga ashe wurin bai fi tabarma ɗaya ba. Ya yi dariya shi kaɗai.

Da ƙishin shayi ya taso masa, ya nufi teburin Cindo. Ya tarar an kife benci a kan tebur, murhu ya yi sanyi. Wani dattijo ne zaune a gefe yana gyaran carbinsa da ya tsinke. Suka gaisa.

"Baba, Cindo bai fito ba ne?"

"Cindo mai shayi? Ai mutumin Sule Tankarkar ne. Sai daren Laraba yake zuwa."

"Af! To Hajiya mai tuwo fa, ta bayan masallaci?"

"Daga ƙetare take zuwa, ita da tukwanenta a kamiyo, babbar motar nan ta Nijar."

Ya'u ya shiga lissafo sunaye, dattijo yana rarraba masa su. Wannan na Gumel ne, wancan na Damagaram, wancan kuwa daga Kano yake tasowa. Duk wanda ya ambata, sai a ce baƙo ne.

"Kai ɗan ina ne, Malam?" in ji dattijo.

"Haba Baba! Ni ne fa Ya'u mai igiya. Duk Alhamis ina nan wurin."

"Allah sarki, shi ya sa ban san ka ba. Ni ranar Alhamis ba na fitowa, kaina ba ya ɗaukar hayaniya. Mukan ba ku aron garin ne, ranar Juma'a mu karɓi abinmu." Ya nuna da haɓa wajen gidaje. "Gari yana can ciki, da unguwanni da mutanen kirki. Amma ka san da ɗan gari akan ci gari. Wa ka sani a ciki?"

Ya'u ya ciro waya ya kira Dogo.

"Ya'u! Kana ina?"

"Ga ni a garinku."

"Gumel ka shigo?"

"Maigatari mana!"

Dogo ya ƙyalƙyale da dariya har da tari. "Yau Litinin me ya kai ka Maigatari? Ni da iyalina ai a Gumel muke. To tunda ka je, bi ta bayan kara, gida mai jan ƙyaure, tura kawai. Ɗakin ƙarshe ne naku. Wuri ne shiru, ba mai damun Rahamatu."

Ya samu gidan ba wuya. Ya tsaya a ƙofa ya yi sallama, ya sake, ya ƙara da ƙarfi. Ba amsa. Ya tura ya shiga. Ɗakuna ne a jere, kowanne da kwaɗo, sai na ƙarshen ne a buɗe. Nan take ya gane wurin, masaukin fatake ne. Shi kansa ya taɓa kwana a nan wani daren Laraba, gidan a cike maƙil, ana shayi ana musun farashin bijimai, har ya ce a ransa wannan gida da albarkar jama'a yake. Ɗakin kuwa ba laifi, da siminti da taga, rufin ma ba ya yoyo. Hagu da dama da gidan duk shagunan ajiyar hatsi ne, a garƙame.

Sai wani tunani ya zo masa. Ya tsaya a bakin ɗakin, ya runtse idanunsa gam, ya miƙa hannu gaba, ya nufi inda ya ga randar ruwa. Bai yi nisa ba ƙafarsa ta ci karo da turken da fatake ke ɗaure raguna, ya tafi luu ya dafe ƙasa da gwiwa. Zafin ya ratsa shi har ka. Bai buɗe idon ba. Yana nan durƙushe ya ɗaga murya, "Jama'a! Akwai mutum kusa?"

Ya saurara. Wani ƙadangare ne kawai ya ruga a kan kwanon rufi.

Ya daɗe a wurin kafin ya miƙe. Tausayin matarsa ya kama shi, kunya kuma ta lulluɓe shi. Sai yanzu ya lura cewa duk garin da ya zaɓa, shi ranar kasuwarsa kaɗai zai yini a ciki. Sauran kwanakin yana kan hanya da igiyarsa, ita ce za ta zauna da garin.

Ya kakkaɓe rigarsa ya koma tasha yana ɗingishi. A Gumel ya sauka da niyyar neman Dogo, ya tsaya bakin titi yana kallon a-daidaita-sahu suna wucewa. Ya tambayi kansa, ban da rumfunan kasuwa, ƙofar gidan wa ya sani a nan? Sule Tankarkar fa? Ita ma haka. Ya sayi ƙosai ya kasa ci, ya ƙulle wa Rahamatu a leda. Bayan ya yi la'asar ya hau motar Gagarawa, ba ɗaki, ba dabara, ga Asabar tana matsowa. Wannan karon har aka iso bai ce wa kowa uffan ba.

Rabonsa da ya ga Gagarawa Tasha da rana tun ranar da aka kawo su. Kullum da duhu yake fita, da duhu yake dawowa, ya tarar da ita a zaune da tuwonsa a rufe. Bai taɓa tambayar wanda ya hura mata wuta ba.

Ya shiga ajin da sallama. Ba kowa. An naɗe tabarmarta an jingine, takalmanta ba sa nan. Sai ya tuna akwai kududdufi a bayan makarantar, cike da ruwan damina. Ya ruga can da gurguwar ƙafarsa yana kiran sunanta, ya duba bakin ruwan, ya dawo ya bi layin gidajen da ke kallon makaranta. Daga wani gida ya ji luguden taɓarya da shewar mata. Wani magidanci mai furfura yana zaune a kan dakali yana yankan farce.

"Salamu alaikum! Don Allah Malam, ko ka ga wata mata, ba ta gani sosai, a makarantar can take?"

"Wa alaikumus salam. Gwaggon Aji Uku kake nufi?"

"Wa?"

"Rahamatu mana. Aji uku aka sauke ta, shi ne matan layin nan suka raɗa mata. Tana ciki, gobe sunan jikata, ita ke fasa musu gyaɗa tana ba su dariya. Kullum ai da safe iyalina ko matan maƙwabta wata takan je ta riƙo hannunta. Ni ne Usaini. Kai fa, daga ina? Ɗan'uwanta ne?"

Ya'u ya ce, "Mijinta ne."

Malam Usaini ya ajiye rezar, ya dube shi tun daga hula har takalmi. "Kai ne mai igiyar? Ikon Allah! Ashe da gaske akwai ka. Wallahi har mun fara cewa ko kunya ce ta hana ta faɗa mana mijin ya rasu. Bismillah, zauna."

Ya leƙa zaure ya yi magana. Jim kaɗan sai ga Rahamatu, wata mata tana riƙe da hannunta, ɓawon gyaɗa duk a zaninta, fuskarta da sauran dariya. Ya'u ya yi ta kallonta. Ya manta rabon da ya ga haƙoranta a waje haka.

"Malam, kai ne tun rana ba ta faɗi ba? Lafiya?" Ta juyo da kunnenta wajensa. "An samu ɗakin?"

Matar da ke riƙe da ita ta ƙara damƙe hannun. Daga cikin gida ma luguden ya tsaya.

"An samu," in ji Ya'u. "Da siminti, da taga."

"To, alhamdu lillahi," ta ce a hankali, dariyar ta bar fuskarta. "Yaushe za mu tashi?"

Ya'u ya zauna a kan dakalin, ya miƙe ƙafar da ke masa zogi, ya juya wajen mai gidan.

"Malam Usaini, ni baƙo ne a garin nan, ban san kowa ba. Ko za ka taimaka wa mijin Gwaggo da ɗaki a layin nan, ko da na kara ne?"